Me Ya Sa Haɗin Sabulu Yake Lalacewa a Babban Tanki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa sabulun ruwa a tanki mai cin lita 20, kuma yana yin kyau. Da na koma mai cin lita 1,000, na ninka kowane sinadari sau 50, amma haɗin yana ɗaukar zafi ƙwarai kuma yana yin gudaji. Ina matsalar take? Daga wata mai sana'a a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lissafinki na sinadarai daidai ne, sai dai girman tanki yana canza yadda zafi yake fita da yadda ruwa yake gaurayuwa.

Narkar da kostik soda a ruwa yana haifar da zafi, haka ma haɗuwarta da salfonik (asid ɗin da ake sa wa sabulun ruwa don ya yi kumfa ya cire datti), kuma ta jikin tanki zafin yake fita. Idan siffar tankunan ɗaya ce, abin da ke ciki ya ninku sau 50, alhali faɗin jikin tankin kusan sau 14 kawai ya ninku, saboda haka zafin da ƙaramin tanki yake fitarwa cikin sauƙi yakan taru a babba. Maganinsa shi ne a riƙa zuba sodar kaɗan-kaɗan ana auna zafi, a kewaye tankin da ruwan sanyaya idan da hali. A ruwa ake zuba soda, ba a zuba mata ruwa, kuma kada ta taɓa tukunyar alminiyam, domin tana cin ta har ta fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Gudajin kuwa daga juyi yake. A ruwa marar kauri, kafin farfelar da ke juya haɗi a babban tanki ta yi yawan zagayen da ta ƙaramin tanki take yi a minti ɗaya, injin yana buƙatar ƙarfin da ya ninka na da kusan sau 680, wanda da wuya mai ƙaramar sana'a ta iya ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa injiniyoyi suke rage gudun, su ƙara lokacin juyi. Ki zuba sinadari kusa da farfela, ba a saman ruwa ba, sannan a kafa sillayen ƙarfe 4 a tsaye a cikin bangon tankin, don kada ruwan ya yi ta zagaye ba tare da ya gaurayu ba.

Ni a ganina tsallen ya yi yawa. Ki fara gwadawa a lita 200, ki rubuta zafi da lokacin kowane mataki, kafin ki sake zuba jarinki a babban tankin.