Sai ya yi baftisma kafin a ɗaura mana aure a coci?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ni 'yar Katolika ce daga Kaduna, ina aikin jinya a Manchester. Wanda zan aura Bature ne, ba ya bin kowane addini, amma bai taɓa hana ni zuwa coci ba. An sa rana a gida, watan Disamba. Kawuna ya ce babu Fadan da zai ɗaura auren sai ya yi baftisma, kuma wai ya san wanda zai shirya komai cikin mako biyu in mun iso. Shi kuwa saurayin ya ce ba zai tsaya gaban jama'a ya furta abin da bai gaskata ba. Mama kullum kuka take, wai za a hana ni karɓar Kominiyo, wato jibin Ubangiji da ake karɓa a coci. Barci ya gagare ni. Shin dole ne na bar ɗaya, ko shi ko addinina?

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, ki kwantar wa Mama nata. Ikilisiya tana ɗaura irin wannan aure, kuma in kin bi hanyar da aka shimfiɗa, babu mai hana ki Kominiyo.

Abu na farko, ki tambaye shi ko an taɓa yi masa baftisma yana jariri. Turawan Ingila da yawa da ke cewa ba su da addini, an kai su cocin Anglika tun suna goye, kuma muna karɓar baftismar Anglika. In haka ne, aurenku na Kirista biyu ne, izinin Bishop kawai za a nema, kamar yadda doka ta 1124 ta Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983 ta tanada. In kuwa ba a taɓa yi masa ba, doka ta 1086 ce ta shafe ku. Rashin baftismarsa shinge ne, kuma auren da aka ɗaura ba tare da Bishop ya ɗage shingen ba, bai ɗauru ba. Bishop yana ɗagewa in an cika sharuɗɗan doka ta 1125. Ke ce za ki yi alkawarin riƙe bangaskiyarki, da yin iya ƙoƙarinki a yi wa 'ya'yanku baftisma, su tashi cikin Katolika. Shi sanar da shi za a yi cewa kin ɗauki wannan alkawari. A da ana sa shi ma ya yi, amma Fafaroma Paul na Shida ya cire wannan a 1970. Manyanmu da yawa har gobe tsohuwar dokar suke tunawa.

To, sai maganar Kawu. Wannan ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin da wuya lokacin biki ya zo ban ji ta ba. "A yi masa baftisma kawai a wuce wurin." Wa ya koya mana haka? Baftisma ba hatimin ofishin fasfo ba ce da za a buga a ba mutum hanya. Doka ta 865 ta ce babba ba a yi masa baftisma sai ya nuna da kansa yana so, an karantar da shi sosai, an kuma gwada zamansa na mai koyon bangaskiya. Wannan aikin watanni ne, galibi a daren Ista ake kammalawa. Doka ta 748 kuma ta haramta wa kowa tilasta wa mutum shiga Katolika alhali zuciyarsa ba ta yarda ba. Ba ta ware kawu ba, ba ta ware suruka ba. Cewa "babu baftisma, babu mata" tilas ne, ko da an faɗe shi ana dariya.

Ki duba ramin da wannan dabara ke haƙawa. Babban da aka zuba wa ruwa alhali a ransa ba ya nufin karɓar baftisma ko kaɗan, bai karɓa ba. Amma da yake takarda ta ce ya karɓa, babu wanda zai je wurin Bishop neman a ɗage shinge. Sai a sha biki, a yi rawa, kowa ya watse. Za a ɗauki auren a matsayin ingantacce, gaskiya ne, amma ranar da aka tabbatar baftismar wasa ce, za a tarar mutumin yana nan ba baftisma, shingen yana nan, auren kuma bai ɗauru ba tun farko. Abin da Kawu ke gudu, shi zai jawo da hannunsa. Ga kuma abin da ba ya shiga takarda: mutumin da aka sa ya yi ƙarya gaban bagadi don ya samu mata, da wace fuska zai kalli addinin nan daga baya? Duk ranar da kuka saɓa, zai tuna. Masu shirya irin wannan cikin mako biyu, ko katikis (malamin koyar da addini a coci) ne ko Fada mai farar riga irina, ba taimakon kowa suke ba, kuma in akwai kuɗi a ciki, laifin ya ninka. Ni a ganina saurayin nan da ya ƙi furta ƙarya ya fi masu matsa masa girmama baftisma. Manzo Bulus bai ce a ja miji marar ba da gaskiya zuwa ruwa ba. A 1 Korantiyawa 7:14 cewa ya yi ana tsarkake shi ta wurin matarsa. Monika, uwar Waliyyi Agustin, ta zauna shekaru da mijinta Patrisiyus yana bin addinin gargajiyar Rumawa, sai dab da rasuwarsa ya karɓi baftisma.

Kada dai ki ɗauka na ce abin mai sauƙi ne. In ba shi da baftisma, aurenku aure ne na gaske, na har mutuwa, amma ba sakramenti ba ne, wato ba ya cikin alamun alherin Allah guda bakwai na Ikilisiya, kuma galibi ba a yin Misa a wurin ɗaurin, sai karatun Littafi Mai Tsarki da alkawari da albarka. Shi ma akwai abin da ake bukata daga gare shi: ya yarda da mace ɗaya, zama na har abada, da ƙofar haihuwa a buɗe. In ya ce shi sam ba ya son 'ya'ya, ko kuwa a ransa aure gwaji ne da za a iya fasawa, to nan ne matsala ta gaskiya take. Ku zauna ku yi maganar yara tun yanzu, ɓaro-ɓaro: baftismarsu, katikisma, wa zai kai su coci ranar Lahadi. Wanda bai hana ki zuwa ba, ba lalle ne ya yarda a kai ɗansa ba. Ki tambaye shi kuma ko ya taɓa aure, ko da na rajista ne aka rabu. In ya taɓa, sai kotun Ikilisiya ta duba wancan kafin a yi maganar naku.

Takardun kuwa, a cocin da kike zuwa a Manchester za a fara, tunda can kike zaune. Fadan wurin ne zai yi muku tambayoyi da darasin aure, ya nemi amincewar Bishop, sannan a aika komai zuwa dayosis ɗinku na gida, wato yankin da Bishop ɗinku ke kula da shi. Yawancin cocin Ingila suna son sanarwar wata shida, ofisoshinmu kuwa, a gafarce ni, ba su san gaggawa ba. Ki sa a aiko miki da sabuwar takardar baftismarki daga cocin da aka yi miki, ki ga Fada cikin makon nan. In Disamba ta yi kusa, a ɗaga rana. Kawu kuma a ba shi lambar Fadan cocinku na gida, su yi magana.