Alamar + da − a gefen giya: ta cancanci ƙarin kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kasuwanci tsakanin Sakkwato da Illela. Dillali ya nuna mini Camry biyu 'yan Kwatano, duka otomatik, amma ɗaya tana da + da − a gefen giya. Ya ce giya biyu gare ta, otomatik da manuwal, shi ya sa ta fi tsada. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dillalinka ya ƙara gishiri. Giyabos ɗaya ne, kuma otomatik ne, babu kuloci a ƙarƙashin ƙafarka. Dama kawai aka ba ka ta sa baki, irin tsarin da kamfanin Porsche ya yi suna da shi tun wajen 1990 da sunan Tiptronic. Ko ka tura hannun giya gefe, wajen + da −, don ka zaɓi giya da kanka, kwamfutar motar ce mai yanke hukunci: in ka nemi giyar da za ta wahalar da inji, sai ta ƙi. A Toyota da yawa ma lambar da ka zaɓa iyaka ce kurum. In allo ya nuna S4, motar za ta ci gaba da canza giya da kanta daga 1 zuwa 4.

Ba wai ba ta da amfani ba. In za ka wuce tirela, ka sauke giya tun kafin ka fito, motar ta amsa nan take. In ka sauka daga kwalta ka shiga yashin ƙauye, ka riƙe ta a 2. Sai dai tsohuwar otomatik ma tana da 2 da L, wasu har da maɓallin O/D mai hana mota hawa giyar ƙarshe, kuma kusan aikin ke nan. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ina gangaren da zai sa birkinka ya ɗau zafi har ka buƙaci sauke giya don rage gudu?

Ni dai lafiyar giyabos zan saya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, zafi kuma shi ke cinye giyar otomatik. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. In akwai sandar awon man giya, a zaro a goga man a farin ƙyalle: ja garau ake so, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa, ka yi sallama. Ku tuƙa ta har ta yi zafi, ka taka birki ka sa R, ka dawo D. In ta yi jinkiri sannan ta buga, a bar ta ko da an yi rangwame. In duka biyun lafiya lau ne, ɗauki mai sauƙin kuɗi.

Tambaya: In batir ya mutu, ana iya sa ta a manuwal a tura ta tashi? Daga wata mai karatu a Arkilla.

Amsa: A'a, Hajiya, sai dai yaran unguwa su sha wahalar banza. Famfon man giyar da inji yake aiki, in inji bai tashi ba taya ba za ta juya shi ba. Ki ajiye wayar jona batir a but.