Robar silifas ta manne a salansa

Tambaya: Salam. Na goyo uwargida a Boxer ɗina, silifas ɗinta ya taɓa salansa, robar ta narke ta manne baƙi ƙirin, na wanke da omo ta ƙi fita. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, Allah ya sa dai ba ta ƙone ba. Ka tada mashin ɗin kamar minti 3 robar ta yi laushi, sai ka kashe ka kankare a hankali da ɗan katako, don Allah kar ka sa reza ko wuƙa, karce ƙarfen za su yi kuma nan tsatsa ke fara ci. In salansar ta huce sarai ka jiƙa tsumma da kananzir ka murje ragowar. Fetur kam kar ya kusance ta da zafinta.