Kada ki kai katin nan a yi masa laminatin

Tambaya: Malam, ina karatu a Jamus. A kasuwar tsofaffin kaya na sayi wani kati mai hotuna biyu iri ɗaya a jere, an rubuta Baden-Baden a gefensa. Ya yi rawaya, yana neman dusashewa. An ce in raba hotunan in yi musu laminatin. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Hotunan nan ba iri ɗaya ba ne. Daga wurare biyu aka ɗauke su, tazararsu kamar tsakanin idanunki. In aka sa katin a na'urar kallonsa mai gilashi biyu, kowane ido ya ga nasa hoton, sai abin da ke cikin hoton ya fito da zurfi kamar kina tsaye a gabansa. Charles Wheatstone, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya bayyana dabarar a 1838, ta yi kasuwa bayan baje kolin Landan na 1851. A lokacin, jirgin ƙasa ya riga ya isa garin Baden-Baden na Jamus tun 1845, masu hali suna tururuwa shan ruwan maɓuɓɓugar garin da wanka a ciki don neman lafiya. Irin katin nan ne tsarabarsu. Maƙwabci ya leƙa, baɗi shi ma ya ɗaura niyya. Kin raba hotunan biyu, zurfin ya tafi.

Laminatin kuwa shi ke ci mini rai, domin kullum sai an kawo mini ɓarnarsa. Yawancin katunan wancan zamani siririyar takarda ce da aka shafa wa farin ƙwai da gishiri, sannan sinadarin azurfa. Farin ƙwai fa, Malama! Shi za a cusa cikin inji mai zafi, gam ya narke ya kama fuskar hoton. Mai shagon zai ce ya kare miki shi daga ruwa, ya karɓi kuɗinsa. Ran da ledar ta fara ɓamɓarewa, da fatar hoton take tashi, na gani da idona, rabin fuskar mutum manne a jikin leda. Babu gwanin da zai mayar da ita. Haka ake yi wa hotunan kakanni da takardun gado a gida, wai gata ake musu.

Rawayar tsufan farin ƙwan ce, ba datti ba, kada ki goge da ruwa, tsattsagewa zai yi. Ki riƙa kama shi ta gefe, ki ɗauki hotonsa da waya, sannan ki sa shi cikin ambulan na takarda marar asid, a ajiye cikin akwati inda babu rana, babu danshi.