Masu Ƙidayar Jirage Sun Zo Mana: Mu Faɗa Musu Inda Muke Su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Bur Sudan (Port Sudan), da ƙaramin huri, wato kwale-kwale, nake fita. Wasu sun zo bakin ruwa da takardu da sikeli, suna ƙirga jirage, suna tambayar inda muke kamun kifin najil, wai za a tsara wuraren da za a keɓe a teku. Dattawanmu sun ce kowa ya ja bakinsa. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoron dattawa yana da dalili, amma shirun ne zai cuce ku.

Keɓe ruwa ba baƙon abu ba ne a Bahar Maliya. An keɓe Sanganeb, wani tudun murjani a cikin teku mai nisan kusan kilomita 25 daga gaɓa, tun 1990. Daga baya aka keɓe Dungunab da tsibirin Mukawwar, inda ake samun kunkurun teku da wani ɗan'uwan ayu, kuma a 2016 UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya. Irin wannan wuri kashi-kashi ake yi masa: inda aka hana kamun kifi ɗungurungum, inda aka yarda da ƙugiya ban da taru, da inda aka bari a buɗe. Binciken nan shi ke nuna inda za a ja layin.

Da ƙidaya ake farawa: jirage nawa ke kowace tasha, masu inji nawa, mutum nawa a ciki, da wane kayan aiki. Sannan ma'aikaci ya riƙa zuwa a ranakun da aka zaɓa ta ƙuri'a, ya auna kifin da aka sauke, ya rubuta irinsa da tsawonsa da awannin da aka yi a ruwa. A ce jirage 40 ne, kowanne ya fita kwana 20 a wata, yana dawowa da kilo 15. Kamun tashar ya zama kilo 12,000 a wata ke nan. Dole a shekara ana yi, domin lokacin iskar arewa ta hunturu ƙananan jirage ba sa nisa, wanda ya auna wata biyu kawai ya ga rabin hoto.

Sai taswira, kuma nan gizo ke saƙa. Ana yanka teku gida-gida a takarda, a ce wa masunci ya nuna gidajen da yake shiga da wanda ya fi ba shi abinci. Wani lokaci a ɗaura wa jirgi ƙaramar na'urar GPS. Inda ta nuna jirgi ya tsaya ko yana jan jiki, an san su ake yi. Na'urar nuna wuri da manyan jirage ke ɗauka ba ta cikin huri, don haka in ba ku faɗa ba, ba wanda zai gan ku. Mai tsarawa kuwa yana neman inda akwai murjani da kifi amma rufe shi ba zai taɓa kowa ba. Gidan da kuka ɓoye zai fito fari fat a taswira, kamar ba mai shi, alhali shi ne mafi albarka. Shi za a fara rufewa.

Saboda haka ku yi magana, amma da sharaɗi. Ku nemi a rubuta cewa ba za a fitar da sunan kowa ko ainihin wurinsa ba, sai jimillar tasha. Ku ce a dawo muku da taswirar ku duba kafin a kai ta sama. Ku kuma tuna musu da waɗanda ake mantawa: masu tsintar kokiyan, wani irin dodon koɗi na teku, da ƙafa a ruwa marar zurfi, masu fita da dare, da baƙin masunta na lokaci-lokaci. Wanda ya zo tasha da hantsi ba zai taɓa haɗuwa da su ba.

Tambaya: Me ya sa suke ƙirga jiragen 'yan yawon buɗe ido, alhali ba kifi suke kamawa ba?

Amsa: Saboda anga. Duk sanda aka jefa ta kan murjani sai ta karya shi, sarƙar kuma ta yi ta sharar ƙasa in iska ta juya jirgin, ga shi murjani mai dunƙule kusan santimita 1 yake ƙaruwa a shekara. In an san wuraren da suka fi tsayawa, sai a kafa musu madauri na dindindin mai tulu a saman ruwa, su ɗaure igiya a nan.