Tambaya da Amsa: Wace ce matar nan da Sinawa suke kunna wa turare a jirgi?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nima ne ta birnin Accra a Ghana, ina aikin sauke kifi a tashar jiragen Tema, rannan na shiga wani jirgin Sinawa sai na ga wani ɗan akwati ja a lungu da mutum-mutumin wata mata a ciki, ga lemu ga turaren tsinke yana hayaƙi, na tambaya suka ce min Mazu kawai. Wai wace ce ita?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ai ka ga uwar masuntan kudancin Sin ke nan. A wajensu mutum ce da farko, sunanta Lin Moniang, suka ce an haife ta a 960 a tsibirin Meizhou da ke lardin Fujian, ta rasu a 987 ko aure ba ta yi ba. Labarin da suke bayarwa shi ne wai tana tsayawa bakin teku da jan kaya don masu kwale-kwale su hango gaɓa in hadari ya taso, bayan mutuwarta sai suka mayar da ita abar bauta, mu dai Allah ya tsare mana imaninmu, amma tambaya ka yi dole in ba ka amsa.

Babban gidan bautarta yana nan Meizhou, kuma yawancin irin gidajen nan ƙofarsu teku take kallo, masunci zai je ya kunna turare kafin ya fita, in ya dawo lafiya ya koma godiya. Ranar haihuwarta, 23 ga wata na uku a kalandarsu ta wata, ana babban biki, masuntan can ma sukan ajiye koma a kwanakin. Wannan kam ba baƙon abu ba ne gare ka, ka san 'yan ƙabilar Ga na unguwannin Jamestown da Chorkor a Accra ba sa shiga ruwa ran Talata. A 2009 hukumar UNESCO ta sa al'adar Mazu cikin jerin al'adun gado na duniya.

A Hong Kong Tin Hau suke ce mata, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasu gidajen nata da aka gina a bakin ruwa yanzu suna tsakiyar gari saboda an cike tekun da ƙasa an yi benaye, na Causeway Bay har tashar jirgin ƙasa ta kusa da shi sunanta ta ci.

In ka sake shiga jirgin kar ka taɓa akwatin dai, lemun nan ma ba naka ba ne.