Kan maganar agolarka da katun ɗin nan

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai 'yarka ta kalli katun ɗin mutanen Denmark, inda wata yarinya ta gano wurin da ake ƙera mafarki, ta riƙa jagula mafarkin 'yar matar babanta don ta huce haushi, shi ne kake tambaya ko a al'adarmu ana haɗa agola da 'yar gida ɗaki ɗaya. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Yau katun ne zai tayar mana da wannan magana?

Shekarar farin 1973 Baffa ya auro bazawara daga wajen Gumel, ta zo da 'yarta, sa'ata. Lokacin nan rumbu ya yi ƙasa, ƙarin baki ɗaya ba wasa ba ne. Daren farko Inna ta shimfiɗa mana tabarma ɗaya, mayafi ɗaya. Can cikin dare yarinyar ta farka da ihu, wai ta ga an ɗora uwarta a kan raƙumi, an bar ta tsakiyar kasuwa. Yaran gida suka fara ƙyalƙyala dariya. Inna ta kunna aci-balbal, ta sa ta tofa hagu sau uku, ta yi a'uziyya, ta juya kwanciya. Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Duk wanda ya fitar da mafarkin nan zaure, da ni zai gamu." Da safe ɗumame a akushi ɗaya, tana zaune tana kallon hannun kowa.

Inna takan ce Annabi Yakubu da kansa ya hana Annabi Yusufu gaya wa 'yan'uwansa mafarkin taurari 11 da rana da wata, su kuwa 'yan uba ne. Takan ce kuma yaro ba ya zuwa duniya da 'yan ubanci, a ɗakin manya yake tsintarsa.

Ku yanzu kowane yaro da kwanonsa, da wayarsa, ya ja ƙofa. Ta ina shaƙuwa za ta shigo? Ka sani agola ba ta gadonka, sunan ubanta za ta ci gaba da amsawa, amma tunda ka tare da uwarta ta zama muharramarka, a gabanka za ta tashi. Sallah ta ƙarato, ka yanka musu turmi ɗaya, tela ɗaya. Ita kuma uwar 'yarka, me take gaya mata in ta je hutu can? Ka zo Juma'a da yaran duka biyu, in gan su.